Kuɗi cikin salula: in ciniki ya ɓaci, wa za mu kama?

Duk mai cin kasuwar Tasawa ko ta Mayahi a ƴan shekarun nan ya san cewa wani kaso mai yawa na kuɗin da ke juyawa ranar kasuwa ba ya bi ta aljihu ko ta ƙullin bakin zane. Ta salula yake tafiya, ko ta gishen kamfanonin aika kuɗi. Mai sayen wake daga Maraɗi yana biyan yaronsa na Kanambakashe ba tare da ya taka ƙafa ba. Ɗan ci-rani a Agadas ko Legas yana turo ma uwarsa kuɗin cefane a Urafan, ta karɓa kafin la'asar. Mai man gyaɗa da ƙuli-ƙuli tana karɓar bashinta daga Damagaram tana zaune a rumfarta. Wannan ci gaba ne, kuma babu mai hankalin da zai so a koma zamanin da ake damƙa ma direba ambulan, a kwana ana zullumi.

Sai dai akwai tambayar da ƴan kasuwa ke yi kullum, wadda har yanzu ba ta samu amsa mai gamsarwa ba. In kuɗi suka bar hannun mai aikawa ba su isa ga mai karɓa ba, in aka kuskure lamba ɗaya, in aka rufe asusun mutum yana tsakar ciniki, wa zai kama? A ina zai same shi? Da wane harshe za su yi magana? Kwana nawa zai jira?

Ra'ayinmu shi ne: kamfanin da ya sa manhajarsa cikin salular talakka, yana yankar la'ada a kan kowane aike, ya ɗauki nauyin tsayawa ranar da abu ya ɓaci. Kula da mai hulɗa yana cikin abin da aka biya tun farko. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Mu waiwaya kaɗan, don mu ga yadda aka zo nan. Salula ta shigo Nijar a farkon shekarun 2000. Kamfanin Celtel ya fara aiki a 2001, ya koma Zain a 2008, sannan Airtel a 2010. Orange ta zo a 2008, aka sayar da ita a 2019, ta zama Zamani Telecom. Sonitel da Sahelcom aka haɗe su a 2016 suka zama Niger Telecom, ga kuma Moov. Tun farko ƴan kasuwar hatsi ne suka riga kowa gane amfanin abin. Wata mai bincike daga Amurka, Jenny Aker, ta bi farashin hatsi a kasuwannin Nijar daga 2001 zuwa 2006, ta gano cewa zuwan salula ya rage bambancin farashi tsakanin kasuwa da kasuwa da kashi 10 zuwa 16 cikin 100. Dalili a fili yake: mai gero ya daina hawan mota don jin farashi kawai, sai ya buga tarho.

Bayan magana sai kuɗi. A 2010, shekarar ƙarancin abinci, ƙungiyar Concern ta raba ma mata tallafi ta salula a ƙauyukan jihar Tawa, aka ga sun huta da doguwar tafiya da dogon layi. Daga baya kamfanonin aika kuɗi na gida irin su Al Izza, Nita da Amana suka bazu cikin ƙasa, wasunsu kuma suka fito da manhajojin da ake sa wa a salula, kamar MyNita da AmanaTa. Bayan juyin mulkin Yulin 2023, lokacin da takunkumi ya sa cire kuɗi a banki ya yi wuya, jama'a da yawa nan suka koma. A maƙwabciyarmu Nijeriya ma, ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya tura ƴan kasuwa zuwa OPay, Moniepoint da PalmPay, kuma duk ɗan Tasawa mai sayayya a Katsina ko kasuwar Dawanau ta Kano ya ga haka da idonsa.

To, gundumomin Tasawa da Mayahi ba ƙaramar kasuwa ba ce. A ƙidayar 2012 mutanensu sun haura miliyan ɗaya, kuma yau sun fi haka nesa. Nan ake fitar da gero, wake, gyaɗa, aya da riɗi. Nan ake kiwon jar akuyar Maraɗi. Matan Gulbin Kaba na saƙa tabarma da igiya suna kai wa kasuwa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana biyan la'ada in ya aika ko ya cire kuɗi. Dala biyar nan, dala ashirin can, in an tara a shekara dukiya ce mai yawa. Mutanen da ke zuba wannan dukiya sun cancanci a saurare su.

Yana da kyau mai karatu ya san yadda abin yake aiki, don kada a ruɗe shi da dogon turanci. Kuɗinka ba cikin salularka suke ba. Rubutu ne cikin babbar kwamfutar kamfani, wadda ke riƙe da lissafin kowa. In ka aika jika goma, sai ta rage daga shafinka ta ƙara a shafin wancan, ta ba aiken wata lamba tasa ta kansa, da rana da sa'a. Ƙa'idar da babban bankin BCEAO ya fitar a 2015 kan kuɗin lantarki ta wajabta cewa duk sefar da ke rubuce a asusun jama'a sai an ajiye kwatankwacinta a banki. Ma'ana, in rezo ya yanke ana tsakar aike aka ce maka kuɗi “sun maƙale”, ba iska ta kwashe su ba. Suna nan a rubuce, kuma ma'aikacin da ke da izini yana iya ganin inda suka tsaya. Abin da ke ɗaukar kwanaki shi ne samun wanda zai duba, da wanda zai sa hannu.

Nan ne gizo ke saƙa. Koke-koken da ake ji a rumfunan kasuwa kusan iri ɗaya ne, ko wane kamfani ne. Mace ta sayar da buhun gyaɗa, mai saye ya ce ya tura, an zare daga wurinsa, ita kuwa ba ta ga komai ba. Ta je wurin mai shagon da ke cire kuɗi, ya ce shi wakili ne kawai, ta kira kamfani. Ta kira, na'ura ta amsa da faransanci, ta ce a danna ɗaya, a danna biyu. In an yi sa'a mutum ya ɗauka, ya ce a yi haƙuri a jira. Ba a ba ta wata lamba da za ta riƙe ba, ba a faɗa mata ranar da za a gama ba. Gobe in ta sake kira, wani ne zai ɗauka, labari ya koma farko. In abin ya yi tsanani a ce ta je babban ofishi a Maraɗi. Daga Tasawa tafiyar ta haura kilomita 100. Wadda ke bin jika biyar, in ta lissafa kuɗin mota zuwa da dawowa, da abinci, da cinikin yinin da za ta rasa, sai ta ga barin kuɗin ya fi mata sauƙi. Ta bar su, amma ba za ta manta ba, kuma duk ƴan adashenta sai sun ji.

Ga mai albashi, jiran mako guda ɓacin rai ne kawai. Ga mai ƙaramin jari, mako guda kasuwa ɗaya ce cur ta wuce. Jarin mai ƙosai ko mai tabarma juyawa yake daga kasuwa zuwa kasuwa: abin da ta samu yau da shi za ta sari kayan gobe. In ya tsaya, tukunyar gida ma ta tsaya. Wanda ya tsara manhajar yana zaune a Yamai, sama da kilomita 700 daga nan, ko ma a wata ƙasa, kuma in ba a faɗa masa ba, ba zai san nauyin jika biyar a Gidan Amumun ba.

Abin mamaki shi ne kasuwarmu ta daɗe da warware wannan matsala da kanta. Ku dubi kasuwar dabbobi. Dillali yana cin la'ada, amma la'adar tana da sharaɗi: shi ne shaida, shi ne lamuni. In aka gano akuyar ta sata ce, dillali ake kamawa, kuma kowa ya san gidansa. In gardama ta tashi kan awo, akwai sarkin kasuwa, a yanke magana kafin rana ta faɗi. Baƙon da ya zo fatauci yana da mai masauki da zai tsaya masa. Haka matan ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, waɗanda CARE ta fara da su a jihar Maraɗi a 1991 har tsarin ya bazu cikin Afirka: a gaban kowa ake buɗe akwati, a gaban kowa ake ƙirga, wadda ke da ƙorafi ta faɗa nan take. Duk waɗannan sun tsayu a kan abu uku: an san wanda za a kama, yana kusa, kuma ba a kwana da magana. Kamfanin manhaja dillali ne na zamani, don haka sharaɗin dillanci ya hau kansa.

Kuma kamfanonin su tuna cewa mutanen nan sun taɓa ƙonewa. Dattawa ba su manta da rushewar bankin BDRN a 1990 ba, ga kuma asusun ajiya iri-iri da suka durƙushe da kuɗin talakawa. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Shi ya sa da yawa, da kuɗi sun shigo salula, sai su ruga su cire su duka, ba su bari su kwana. Kamfani yana kashe miliyoyi wajen talla a rediyo da fentin bango don ya canza wannan hali, alhali mace ɗaya da aka mayar ma kuɗinta cikin yini guda ta fi allon talla goma.

Saboda haka ga abin da muke kira a yi.

Na farko, harshe. A Nijar manyan da suka iya karatu da rubutu ba su kai rabi ba, kuma a cikin matan karkara abin ya fi ƙasa. Tun watan Maris na 2025 kundin da ke tafiyar da ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Babu hujjar da za ta sa saƙon da ke faɗa ma mutumin Mayahi abin da ya rage a asusunsa ya zo da faransanci kaɗai. A sa Hausa cikin manhaja da cikin saƙonni, a sa murya ga wanda bai iya karatu ba, tunda kowa ya saba da saƙon murya na WhatsApp. Mai amsa kira kuma ya zama ya iya Hausar kasuwa, ya san cewa in tsohuwa ta ce dala ɗari biyu, jika guda take nufi. Kuskuren lissafi tsakanin dala da sefa kaɗai ya isa ya haddasa rigima. Kada kuma a manta da Fulani da Buzaye makiyaya da ke cin kasuwannin arewacin Mayahi.

Na biyu, kiran koke ya zama kyauta, kuma mutum ya ɗauka. Bai dace wanda kuɗinsa suka maƙale ya ƙara ƙona katinsa yana sauraron kiɗa ba. Ranakun manyan kasuwanni, da kaka, da jajibirin salla, sanannu ne. A ƙara ma'aikata a waɗannan lokuta, yadda mai shago ke ƙara yara in ciniki ya buɗe.

Na uku, kowane koke ya samu lambarsa da wa'adinsa. Da an karɓi magana, a turo saƙo: ga lambar kokenka, ga ranar da za a ba ka amsa. Wannan ba sabon abu ba ne a duniya. A 2020 babban bankin Nijeriya ya yanke wa'adi: kuɗin da na'urar wani banki ta riƙe a mayar cikin awa 48, na na'urar POS cikin awa 72. Ko ba kullum ake cikawa ba, aƙalla mai kuɗi yana da abin da zai riƙe ya yi magana. A Kenya, inda M-Pesa ta fara a 2007, kamfanin Safaricom ya sa tun 2015 sunan mai karɓa ya bayyana don mai aikawa ya tabbatar, kuma wanda ya yi kuskure yana tura saƙon aiken zuwa lamba 456 don a fara neman mayar masa. Duk kamfanin da ke aiki a ƙasarmu bai kai ga irin wannan ba, ya hanzarta. Rigakafi ya fi magani, kuma ya fi araha ga kamfanin kansa.

Na huɗu, a kawo mai yanke magana kusa. A ce a Tasawa da Mayahi kowane kamfani yana da ma'aikaci mai izinin buɗe asusun da aka rufe, da sabunta lambar sirri, da bin sawun aike, ba mai cewa “sai mun tura Yamai” ba. Ranar kasuwar Kanambakashe, ko Maijirgi, ko Korgom, a kafa masa tebur a bakin kasuwa. Masu sayar da layi suna zuwa har ƙauye da lema da lasifika in ana neman sabbin mutane. Ƙafar da ta kawo su sayarwa tana iya kawo su gyara.

Na biyar, a kula da wakilai. Mai ɗan shagon nan shi ne fuskar kamfani, shi ake zagi in abu ya ɓaci, alhali sau da yawa ba shi da iko a kan komai. Aljihu biyu gare shi: tsabar kuɗi a akwati, da kuɗin lantarki a salula. Ranar kasuwa in masu cirewa suka yi yawa tsaba ta ƙare, sai ya ce “babu rezo” don ya tsira da mutuncinsa. Aikin kamfani ne ya tsara yadda za a riƙa kai masa tsaba, ya horar da shi, ya ba shi layi na musamman da zai kira a amsa masa nan take. A kuma liƙa farashin aike da na cirewa a bangon kowane shago da manyan lambobi, don wakilin da ke ƙara nasa a kai ya ji kunya. A ɗauki mata wakilai, domin akwai matan aure da yawa da ba za su tsaya gaban namiji suna faɗin abin da suka mallaka ba, sai su ba yaro salula da lambar sirri, daga nan kuma ɓarna ke farawa.

Na shida, ƴan damfara. Kowa ya san salonsu: a turo saƙon ƙarya, a kira a ce an yi kuskuren tura maka kuɗi ka taimaka ka mayar, ko a ce daga kamfani ne, ka ci kyauta, ka faɗi lambar sirrinka. Wani ya nuna maka hoton resi a salularsa ya ɗauki kaya. Wanda aka cuta yana buƙatar layin gaggawa da zai sa a tsayar da kuɗin kafin a cire su, domin a nan minti goma ya fi kwana goma. Gidajen rediyon karkara suna nan, a yi amfani da su ana faɗakarwa da Hausa kowane mako.

Hukuma ma tana da nata. A 2017 hukumar sa ido kan sadarwa, wadda a lokacin ake kira ARTP, yau kuma ARCEP, ta ci kamfanonin tarho huɗu tarar da ta haura miliyar 3 na sefa saboda rashin ingancin aiki. Ashe in an so ana iyawa. Akwai dokar kare masu saye ta 2015. A 2020 hukumar bankunan yankinmu ta fitar da umurni kan yadda za a riƙa karɓar koken masu hulɗa. Amma dokar da ba a san da ita ba a Isawan ko Hawandawaki, tamkar babu ita ce. A fassara su, a karanta a rediyo, a faɗa ma mutum ƙofar da zai buga in kamfani ya yi biris da shi. A kuma tilasta ma kowane kamfani ya riƙa bayyana koke nawa ya karɓa, nawa ya warware, cikin kwana nawa, jiha jiha. Wannan ya ƙara zama dole tun da BCEAO ta ƙaddamar a watan Satumban 2025 da tsarin da zai haɗa bankuna da kamfanonin kuɗin salula, a riƙa aikawa daga wannan zuwa wancan nan take. In aike ya ratsa gida biyu ya maƙale a tsakani, kada kowanne ya nuna ɗan'uwansa. Wanda ya karɓi kuɗin mutum da la'adarsa, shi zai bi masa.

Ku kuma ƴan kasuwa, alhazai da iyayenmu mata, akwai naku. Lambar sirri kamar makullin rumbu ce, ba a ba wakili, ba a ba yaro, ba a faɗa ma mai kira ko da ya rantse daga kamfani yake. Kada ku saki kaya don an nuna muku hoto, sai kun duba asusunku da kanku. Kada ku goge saƙon aike, kada ku yar da resi, domin lambar da ke ciki ita ce shaidarku. Layin da kuke ajiya a kai ya zama da sunanku aka yi rajistarsa, ba da katin ɗan'uwa ko maƙwabci ba, don ranar da salula ta ɓace mai sunan kaɗai za a saurara. Kafin ku aika babban kuɗi ga sabuwar lamba, ku fara gwadawa da kaɗan. Kuma kada ku riƙa barin haƙƙinku don ya yi ƙanƙanta. Kamfani da lissafi yake aiki, koken da ba a kai ba, a wurinsa bai faru ba.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ƙungiyoyin ƴan kasuwa na Tasawa da Mayahi, da shugabannin ƙungiyoyin mata, su buɗe littafi guda: rana, kamfani, yawan kuɗi, abin da ya faru, ranar da aka gyara. Bayan wata uku su kai ma reshen majalisar ƴan kasuwa na Maraɗi da hukumomin gunduma, su kuma gayyaci wakilan kamfanonin a zauna. Mutum ɗaya mai bin jika uku ana iya ce masa ya dawo gobe. Littafi mai ɗauke da koke ɗari biyu, da sa hannun sarkin kasuwa, ba a ce masa haka. Kuma tunda kamfanonin sun yi yawa, ku saka ma mai kyautatawa da cinikinku, ku juya ma mai wulaƙanci baya.

Ba mu ƙi kamfanonin nan ba, muna son su daɗe su ci riba, musamman na gida da ke ba ƴaƴanmu aiki. Amma su sani, manhaja kowa na iya sayen irinta, farashi kowa na iya ragewa. Abin da zai bambanta su a idon mai tallan aya a tashar Tasawa shi ne yadda aka karɓe ta ranar da ta zo da kuka. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Kaka na zuwa kowace shekara da cinikinta mai yawa, muna fata kafin ta gaba a ga teburin karɓar koke a bakin kasuwanninmu. Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, ya tsare mana guminmu.